Zaizayewar Tsoka da Ƙwayoyin Garkuwar Jiki a Masu Sankarar Jini: Abin da Asibitocin Kafanchan da Kudancin Kaduna Za Su Iya Aunawa

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar da ke tsakanin zaizayewar tsoka, da yawan ƙwayoyin garkuwar jiki, da tsawon ran masu fama da sankarar jini. Ta bi sawun binciken da aka yi a Japan da Amurka da Meziko da Malawi, sannan ta gwada shi da halin da majinyaci ke ciki a Kafanchan da kewaye, inda maganin kemo yake da nisa amma jinya take a gida. Matsayin maƙalar shi ne, nauyin jiki da cikar fuska suna yaudarar mai duba irin wannan majinyaci, kuma tef ɗin awo da kujera da takardar gwajin jini sun isa a fara gane wanda jikinsa ba zai ɗauki magani ba, tun da sauran lokacin gyara.

Gabatarwa



Idan likitan jini zai yi hasashen makomar mai sankarar jini, abubuwan da ya saba dubawa sanannu ne: shekarun majinyaci, nau'in sankarar, yawan fararen ƙwayoyin jini ranar da aka gano cutar, da irin canjin da ya auku a ƙwayoyin gadon cutar. Duk cikinsu babu wanda likita ke iya sauyawa. Ba a rage wa dattijo shekaru, ba a canja wa cuta asali. A shekaru ashirin ɗin nan an ƙara wani abu a lissafin, wato yawan tsokar da ke jikin majinyaci da ƙarfinta. Shi wannan, hannun ma'aikaciyar jinya yana kai gare shi, hannun uwa da matar gida ma yana kaiwa. Abin da ya sa na ɗauko batun ke nan, na kuma kawo shi Kudancin Kaduna.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kimanin 487,000 suka kamu da sankarar jini a duniya, kimanin 305,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki, yara tara cikin goma da ke da nau'in da ya fi kama yara, wato ALL, suna warkewa. A yawancin ƙasashe matalauta kuwa, yaran da ke tsira daga sankara kowace iri ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, shi ya sa a 2018 hukumar ta sa burin kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030. Rashin magani da rashin kuɗi su ne manyan dalilan wannan tazara. Amma akwai na uku da ba a cika faɗa ba: jikin da ake zuba wa maganin.

Hanyar da majinyaci ke bi

Sankarar jini ba ta zuwa da ƙarin da za a taɓa a ce ga shi. A ɓargo take farawa, inda ƙwayoyin da ba su nuna ba suke yawaita su hana lafiyayyu wuri. Abin da iyali ke gani shi ne zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da kasala, da tafin hannu ya yi fari fat, da ciwon ƙashi, da haɓo ko jini a dasashi, wani lokaci da ƙaluluwa a wuya ko kumburin saifa. Kowace alama a nan tana da cutar da ta fi sankara yawa a ƙasarmu: zazzaɓin cizon sauro, taifot, amosanin jini, tarin fuka. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a Godogodo ko Kwoi ko Zonkwa bai yi kuskure ba idan ya fara da su. Sai dai makonni suna tafiya. A yi ƙarin jini, bayan kwana goma ya sake ƙonewa, a sake yi. Duk tsawon wannan lokaci majinyacin yana kwance, ba ya cin abin kirki.

Babban asibitin Kafanchan, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa bayan rasuwarsa a Disambar 2012, shi ne matattarar marasa lafiya daga Jema'a da Kaura da Jaba da Zangon Kataf da Sanga, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Daga nan, wanda ake zargin yana da sankarar jini yakan nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Abuja, domin a zuƙi ɓargo a tabbatar da cutar a fara magani. Zariya tana da daɗaɗɗen tarihi a wannan fanni. A can Farfesa Alan Fleming ya yi aiki, ya kuma rubuta yadda sankarar jini ke bayyana a Afirka, har da lura da nau'in CLL a mata masu ƙananan shekaru, alhali a Turai an san shi da tsofaffi maza.

Tafiyar tana cin kuɗi, kuɗin kuma daga gona yake fitowa. Gidan da ya dogara da citta a Kachia ko Jaba ko Kagarko bai manta da annobar da ta cinye amfanin a daminar 2023 ba. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ta maza. Masu nau'in CML sun samu sauƙi ta hanyar shirin bayar da maganin imatinib kyauta da aka fara a asibitin koyarwa na Ile-Ife a 2003, amma daga Kafanchan zuwa Ile-Ife ba nan kusa ba ne. Idan kuɗi ya yi kaɗan, abin da ake fara yankewa a gida shi ne ƙwai da kifi da nama, domin a sayi allura.

Abin da ke cin tsokar

Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin baligi, kuma ita ce rumbun furotin na jiki: idan shigowa ta tsaya, ko buƙata ta ƙaru, daga cikinta ake ɗiba. Irwin Rosenberg ne a 1989 ya raɗa wa zaizayewarta suna sakofeniya, yana maganar tsofaffi, daga baya likitocin sankara suka ga tana kama matasa da yara.

Mai ci na farko ita ce cutar kanta. Sankara tana sa jiki ya riƙa fitar da sinadaran kumburi, irin su TNF da IL-6 da IL-1, waɗanda ke kashe sha'awar abinci, su kuma buɗe hanyar farfasa furotin a cikin tsoka. Tarihin gano TNF yana da alaƙa da abin da makiyayin shanu ya sani sarai. Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller ya lura cewa shanun da sammore ya kama a Kenya suna ramewa fiye da yadda yawan ƙwayar cutar da ke jininsu zai iya jawowa, sai ya zargi wani sinadari da jikin dabbar ke fitarwa. A 1985 shi da Bruce Beutler suka nuna cewa sinadarin shi ne TNF. Ma'anar wannan ga mai jinya ita ce, ramar sankara ta bambanta da ramar yunwa. Abinci kaɗai ba ya mayar da ita gaba ɗaya muddin kumburin yana ci.

Na biyu shi ne maganin. Firednisolon da deksametazon su ne ginshiƙin watan farko na maganin ALL, kuma an daɗe da sanin suna narkar da tsokar cinya da ta kafaɗa, har yaro ya kasa hawa matakala ko tashi daga tsugune. Binkiristin yana taɓa jijiyoyin ƙafa, majinyaci ya riƙa jan ƙafa. Asfarajines yana ƙarar da wasu tubalan furotin a jini. Magungunan nau'in AML, irin su donorubisin da saitarabin, suna kawo gyambon baki da amai da gudawa, ta yadda ko kunu sai da dabara.

Na uku shi ne gado. Wani bincike da Kortebein da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa tsofaffi lafiyayyu da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Maganin farko na AML kuwa yakan riƙe mutum a asibiti wata guda. A al'adarmu, kulawa da maras lafiya ita ce a hana shi motsi: a kawo masa ruwan wanka, a tallafe shi, a ce kwanta ka huta. Ƙauna ce, amma tsoka tana biyan kuɗinta.

Na huɗu, da yawa sun zo da ramarsu tun daga gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Tsoka da garkuwar jiki

An daɗe ana ɗaukar tsoka a matsayin abin ɗaga kaya kawai. Yanzu an san tana ciyar da garkuwar jiki, tana kuma aika mata saƙo. Ita ce babbar ma'ajiyar gulutamin, sinadarin da fararen ƙwayoyin jini na limfosait da nutrofil ke ƙonawa sosai idan suna yaƙi da cuta. Bente Klarlund Pedersen ta Copenhagen da abokan aikinta sun nuna tun farkon shekarun 2000 cewa tsoka mai aiki tana fitar da sinadaran saƙo zuwa jini. Daga cikinsu akwai IL-15, wanda ƙwayoyin garkuwa na NK da wani rukuni na ƙwayoyin T ba sa rayuwa da kyau sai da shi. A 2016 masu bincike a Denmark suka nuna cewa ɓerayen da aka bari suna gudu a kan keke ƙarin da ke jikinsu bai girma kamar na sauran ba, kuma ƙwayoyin NK ne suka yi aikin. A 2020 wasu a cibiyar binciken sankara ta Heidelberg a Jamus suka nuna cewa tsoka tana ba ƙwayoyin T mafaka daga gajiyar da doguwar cuta ke jawo musu. Waɗannan gwaje-gwajen ɓeraye ne, ba kuma na sankarar jini ba, don haka hanya kawai suke nunawa.

Muhimmancin waɗannan ƙwayoyi a sankarar jini kuwa a jikin mutane aka gan shi. A 2002 ƙungiyar Andrea Velardi a Perugia ta Italiya ta nuna cewa masu AML da aka yi wa dashen ɓargo, idan ƙwayoyin NK na mai bayarwa suka iya gane ƙwayoyin sankarar a matsayin baƙi, dawowar cutar tana raguwa ƙwarai. A 2006 likitocin asibitin Mayo suka ruwaito cewa masu AML da limfosait ɗinsu ya farfaɗo ya kai 500 a kowace maikirolita a makonnin da suka biyo bayan maganin farko sun fi daɗewa. A 2012 Karen Rabin da abokan aikinta a Texas suka samu irin haka a yara masu ALL: waɗanda limfosait ɗinsu ya haura 1,500 a rana ta 29 sun fi tsira. Kemo yana rage taron ƙwayoyin cutar, ragowar da ido ba ya gani kuma garkuwar jiki ce ke tsare su. Sannan kafin a kai ga wannan, dole majinyaci ya ƙetare makonnin da nutrofil ɗinsa ya faɗi ƙasa, lokacin da ƙaramin zazzaɓi ke iya zama ajali. A asibitocinmu nan ne aka fi yin asara.

Abin yana zagayawa. Tsoka ta ragu, garkuwa ta yi rauni, ƙwayar cuta ta shiga. Zazzaɓi da kwanciya su ƙara cin tsoka. A ɗage zagayen kemo na gaba domin jiki bai murmure ba. Sankara ta samu sarari.

Abin da alƙaluma suka nuna

A asibitin Jami'ar Gifu ta Japan, Nakamura da abokan aikinsa sun auna tsokar manya 90 masu AML ta hoton CT, suka wallafa sakamakon a 2019. Bayan shekara uku, kashi 35 cikin ɗari na masu zaizayayyar tsoka ne ke raye, alhali a ɗaya rukunin kashi 67 ne. A shekarar dai, Saro Armenian na cibiyar City of Hope a Kalifoniya ya duba mutum sama da 800 da aka yi wa dashen ɓargo, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku suna da zaizayewar tsoka tun kafin dashen, kuma su ne suka fi daɗewa a asibiti, suka fi mutuwa ta dalilin wahalar magani ko da cutar ba ta dawo ba.

Binciken da ya fi jan hankalina, saboda ba ya buƙatar na'ura, shi ne na cibiyar Dana-Farber ta Boston, shi ma na 2019. An auna saurin tafiyar tsofaffi 448 masu cututtukan daji na jini a tazarar mita huɗu. Duk raguwar mita 0.1 a daƙiƙa ta zo da ƙaruwar haɗarin mutuwa da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Kafin nan, a 2013, Heidi Klepin ta Jami'ar Wake Forest ta nuna cewa gwajin tafiya da tsayuwa da tashi daga kujera yana hasashen tsawon ran tsofaffi masu AML.

Waɗanda suka fi kama da mu su ne na ƙasashe matalauta. A Puebla ta Meziko, rahoton 1989 a kan yara 43 masu ALL ya nuna kashi 83 cikin ɗari na masu isasshen abinci sun kai shekara biyar ba tare da cutar ta dawo ba, masu tamowa kuwa kashi 26. Dalilin da marubutan suka bayar shi ne ɓargon masu tamowa bai jure cikakken magani ba, dole aka riƙa rage musu. A Blantyre ta Malawi, Trijn Israels da abokan aikinta sun nuna cewa binkiristin ya fi daɗewa a jinin yara masu tamowa. Wannan ya taɓo wani rauni a yadda ake lissafin kemo: da tsawo da nauyi ake fitar da adadin, lissafin bai san ko nauyin tsoka ne ko kitse ko ruwa ba.

Dole a yi adalci ga waɗannan alƙaluma. Yawancinsu waiwaye ne a kan fayilolin marasa lafiya, kuma mai ja yana iya cewa cuta mai tsanani ce ta cinye tsokar ta kuma kashe majinyacin, tsokar shaida ce kawai. Masu binciken sun cire tasirin shekaru da nau'in cuta a lissafinsu, alaƙar ta tsaya, amma wannan bai rufe bakin mai ja gaba ɗaya ba. Gwaje-gwajen motsa jiki da aka yi wa masu sankarar jini a asibiti ƙanana ne. Sun nuna abin yana yiwuwa, ba ya cutarwa idan an kiyaye, yana rage kasala yana riƙe ƙarfi, amma ba su kai girman da za su yanke hukunci a kan tsawon rai ba. A ganina ko a haka aka tsaya ya isa dalilin aiki. Majinyacin da ke iya kai kansa bayi, ya hau mota zuwa Jos a ranar da aka ba shi, ya fi wanda sai an ɗauke shi damar kammala magani.

Sikeli da fuska

Nauyi shi ne awon da kowane asibiti ke yi, kuma a wannan cuta shi ne mafi yaudara. Saifar mai CML tana iya cika rabin ciki, ta ƙara masa nauyi, ta kuma danne tumbi ya ƙoshi da loma uku. Hanta tana kumbura. Ruwan da ake ɗaurawa yana zama a jiki, imatinib ma yana tara ruwa a fuska da ƙafa. Sannan ga firednisolon: cikin mako uku yaro ya yi kumatu, ya yi tumbi, yana neman abinci dare da rana. Iyaye su yi hamdala, su ce jiki ya dawo. A ɗaga rigar a duba cinya da damtse, za a ga sun tsotse.

A nan ne nake so in ja hankalinmu ga magungunan ƙiba da ake sayarwa a kemis da kasuwa, waɗanda aka fi sani da sha-ka-fashe, da yawansu kuwa akwai deksametazon a ciki. Iyalin da suka ga ɗansu yana ramewa suna iya saya masa da kyakkyawar niyya. Illar biyu ce. Maganin yana ƙara narkar da tsoka da danne garkuwa, sannan idan ALL ce, yana korar ƙwayoyin cutar daga jini na ɗan lokaci, gwaji ya rikice, a sallami yaro, cutar ta dawo da ƙarfinta. Ya kamata tambayar ko an sha irin wannan ta shiga tambayoyin farko ga duk mai ƙarancin jinin da ba a gane kansa ba, tare da tambayar ƙaho da tsaga da cire beli, waɗanda ke iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa ga mai ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini.

Awon da za a iya yi a Kafanchan

A manyan cibiyoyi, hoton CT ake yankowa daidai ƙashin baya na uku a ƙugu a lissafa faɗin tsoka. Ba kowane mai sankarar jini ake yi wa CT ba ko a can, kuma ba zan ba iyalin da ke neman kuɗin jini shawarar su biya shi domin awon tsoka ba. Ƙwararrun Turai da suka sabunta ƙa'idar sakofeniya a 2019 sun sa ƙarfi gaba da yawa, wannan kuwa ya yi mana daidai. Ƙa'idarsu: ƙarfin damƙa ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace, ko a ɗauki fiye da daƙiƙa 15 wajen tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa hannu ba, saurin tafiya mita 0.8 a daƙiƙa ko ƙasa da haka alama ce ta tsanani. Kaurin sha-raɓa ƙasa da santimita 31 abin lura ne ga tsofaffi. Ga yara, tef ɗin damtse da ma'aikatan tamowa suka saba da shi ya wadatar a fara: ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa 59 tamowa ce mai tsanani. Damtse ba ruwansa da girman saifa, shi ya sa likitocin sankarar yara suka fifita shi a kan sikeli a ƙasashe irin namu.

Sai dai waɗannan iyakoki a jikin Turawa aka yanka su. Babban binciken PURE, wanda ya auna damƙar mutane a ƙasashe da dama, ya samu matsakaicin Afirka da Kudancin Asiya ya yi ƙasa da na Turai. Ta ɗaya gefen, manomin da ya shekara ashirin yana huɗar doya a Sanga zai iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, har yanzu yana sama da kilo 27. Mafita ita ce a riƙa gwada majinyaci da kansa: a auna ranar farko, a maimaita duk zuwa, da tef ɗaya, a hannu ɗaya. Tambayoyin ma su zama na rayuwarmu, da Hausar da Bajju da Atyap da Ham da Fulani ke haɗuwa a kanta a ɗakin jinya: Baba, kana iya tashi daga tabarma ba a kama ka ba? Mama, kina iya ɗaga bokitin ruwa? Kana iya sujada ka miƙe, ko durƙuso a coci? Yaron nan yana tsugunawa ya tashi da kansa?

Adadin limfosait kuwa yana cikin takardar cikakken gwajin jini da iyali suka riga suka biya, karantawa kawai ake buƙata. Amma da sharuɗɗa. Ranar gano cuta adadin ba shi da amfani a nan, domin na'ura takan ƙirga ƙwayoyin sankara a matsayin limfosait, a CLL kuwa limfosait ɗin su ne cutar. Bayan maganin farko ne yake magana, kuma sai an haɗa da duban jini a madubin ɗakin gwaji. Cutar ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro duk suna motsa adadin. Haka nan yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, masu wannan gado kuma nutrofil ɗinsu yakan zauna ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Wanda bai san haka ba zai iya dakatar da imatinib ko ya ɗage kemo babu dalili.

Tsakanin zagaye da zagaye

Mafi yawan kwanakin mai sankarar jini a gida yake yin su, ko a asibitin da ya fi kusa. Maganin ALL yana ɗaukar shekara biyu ko fiye. A wannan tsakanin ne asibitocin Kudancin Kaduna ke da aikin da Shika da Jos ba za su iya yi musu ba.

Ƙa'idar ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ita ce mai sankara ya samu furotin fiye da giram 1, har zuwa 1.5, a kowane kilo na nauyinsa kullum. Ga mai kilo 50, giram 50 zuwa 75 ke nan. Ƙwai ɗaya yana ba da kimanin giram 6. Tuwon masara da doya da gwaza suna cika ciki amma ba za su kai shi nan ba, sai an haɗa da wake da awara da gyaɗa da riɗi da busasshen kifi da nono dafaffe. Faten acca da aka zuba wa garin kifi, ko kunun gyaɗa mai kauri da madarar waken soya, suna shiga ko baki na ciwo, kaɗan-kaɗan sau shida a yini. A tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, a tafasa ruwan sha. Wanda ya daɗe ba ya ci kuma a fara masa a hankali ƙarƙashin kulawa, domin ɗura abinci farat ɗaya yana iya rikita gishirin jini. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata a coci da na mata Musulmi sun riga sun saba kai abinci asibiti. Abin da ya rage a gaya musu wane iri.

Motsi ba ya buƙatar kayan aiki: tashi daga kujera, tafiya a baranda, ɗaga gorar ruwa, ko matse cinya a kan gado ga wanda ba ya iya sauka. A dakata idan akwai zazzaɓi ko zubar jini ko jiri, a sassauta ƙwarai idan ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙasa da 20,000. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai shan kemo kuwa na gaggawa ne, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda, kada a tsaya jiran sakamakon gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Shawarata ta ƙarshe ta shafi rubutu. Duk takardar tura majinyaci daga Kafanchan ta ɗauki kaurin damtse, da lokacin tashi daga kujera sau biyar, da adadin limfosait da nutrofil, takardar dawowa daga asibitin koyarwa ma ta ɗauko su. A buɗe rajista ɗaya a ɗakin gwaji, a riƙa bin kowane suna da waya bayan wata uku da shida da shekara, har da waɗanda suka bar magani, domin idan aka cire su lissafin zai yi kyan da ba nasa ba. Ɗaliban Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, za su iya auna damƙa da damtse da sha-raɓar lafiyayyun mutane a kasuwa da makarantu da wuraren ibada, maza da mata, manoma da ma'aikata, rukuni-rukuni bisa shekaru. Kayan aikin su ne na'urar auna damƙa guda biyu, da tef, da agogon waya, da kujera marar hannu mai tsayi ɗaya a kowane wurin awo.